Daga Ryogoku Zuwa Seki: Neman Shekarun Takobin Bama

Wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Ryogoku, a gabashin Tokyo, ’yan kokawar sumo zai fara cin karo da su. Babban zauren kokawarsu, Kokugikan, yana dab da tashar, ga hotunansu a bango, ga su kuma da kansu suna tafe a hankali, gashi a ɗaure a tsakar ka, ƙamshin man kitsonsu yana bin su. Na wuce zauren, na bi gefen wani tsohon lambu mai tafki da ake kira Kyu-Yasuda, tafiyar da ba ta kai minti 10 ba, sai ga ni a ƙofar gidan adana takubban Japan. Ƙungiyar kare takubban Japan da ake kira NBTHK ce ke da shi. An kafa ta a 1948, a lokacin da sojojin mamaya na Amurka suka tattara takubban ƙasar, ana narkar da wasu, ana zuba wasu a teku, ana kwasar wasu zuwa ƙetare. A 2018 ƙungiyar ta dawo da gidan nan daga unguwar Yoyogi.

Ɗakin nunin yana hawa na uku, kuma da gangan aka bar shi da duhu-duhu. Takubban tsirara suke, ba kube ba ƙota, kowanne a kwance bisa farin ƙyalle a bayan gilashi, fitila tana dukansa ta gefe. Babu mai kallo a miƙe. Sai ka ga mutum ya rusuna, ya ɗago kaɗan, ya karkata kai, yana neman inda hasken zai faɗa a kan kaifi. Wasu har da ’yar tabarau mai ido ɗaya suke zuwa. Da na yi yadda suke yi, sai ƙarfen da na ɗauka fari fat ne ya buɗe mini: wani farin zane mai kama da hazo yana bin kaifin tun daga gindi har tsini, a samansa kuma jikin ƙarfen cike da siraran layuka irin na katakon da aka fere.

Abin da ya kawo ni yana cikin wayata. A gidanmu akwai takobin da ƙanen kakanmu, Baba Ƙarami, ya dawo da shi daga yaƙin Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Yana cikin sojojin Najeriya na runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka gwabza da Japanawa a yankin Arakan, suka haɗu da runduna ta 81 aka karɓe Myohaung a Janairun 1945. Sunayen barikokin Dalet da Kalapanzin na Kaduna ma daga can aka samo su. Tun muna yara ake ce mana takobin ya shekara 500, na wani babban basarake ne. Da kwas ya kai ni Japan, yayana, wanda takobin ke hannunsa, ya ɗauki hotunansa ta kowace fuska, ya ce kada in dawo ban tambayo ba. Ɗauko shi kansa ba abu ne mai sauƙi ba, domin tun farkon shekarun 1950 duk takobi a Japan sai da katin rajista daga hukumar ilimi ta lardi, wanda ya shigo daga waje kuma ana tsare shi har masana su duba.

Allah Ya haɗa ni da abokin tafiya bayan sallar Juma’a a masallacin Tokyo Camii: wani ɗalibi ɗan Damagaram mai karatun injiniya, wanda ya ji Japananci har yana karanta rubutunsu. Shi ne ya ja hannuna a gaban gilashin ya ce, “Yaya, ka lura wasu kaifinsu ƙasa yake kallo, wasu sama?” Waɗanda kaifinsu ke ƙasa su ne tachi, takubban mahaya dawaki na da, da ake ratayewa a ƙugu. Waɗanda ke sama su ne katana, na baya-baya, da ake sokewa a ɗamara. Yadda ake ɗaura kowanne haka ake ajiye shi, kuma maƙeri kan sassaƙa sunansa a gefen da zai kalli waje idan an ɗaura.

Daga nan na fara fahimtar cewa tun daga nesa takobi ke faɗin zamaninsa, ta hanyar sura. Na ƙarshen zamanin Heian da farkon Kamakura, wato wajen ƙarni na 12, siriri ne, lanƙwasarsa tana kusa da hannu, yana tsukewa sosai zuwa sama, tsininsa ɗan ƙarami. Da aka shiga tsakiyar Kamakura sai suka ƙara faɗi da kauri. A zamanin Nanbokucho, 1336 zuwa 1392, lokacin da fadoji biyu ke jayayya kan sarauta, aka yi ta ƙera manya-manya, wasu sun haura santimita 90, masu dogon tsini. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 15 da na 16 suka kawo gajeru da ake zarewa da hannu ɗaya. Na wajen 1660 kuwa, bayan ƙasa ta zauna lafiya, kusan a miƙe suke. Masana sun yanka tarihin gida-gida: duk abin da aka ƙera kafin 1596 koto ne, tsohon takobi, daga nan zuwa wajen 1780 shinto, sai shinshinto har zuwa 1876, shekarar da gwamnatin Sarki Meiji ta hana ɗaura takobi a bainar jama’a. Tsayi ma da sunansa: wanda ya kai shaku 2, kimanin santimita 60, dogo ne, tsakanin shaku 1 da 2 wakizashi, ƙasa da haka tanto.

Gidan tarihi ba ya duba hotunan baƙo, don haka washegari muka nufi Ginza, inda akwai shagunan takubba a lungunan bayan manyan kantuna. Wani dattijo mai shago ya karɓe mu da shayi. Kafin ya taɓa wayata sai ya ce in fara riƙe na gaske. Ya ɗauko wani takobi, ya ɗan rusuna masa, ya zare shi a hankali kaifi na sama, ya share man jikinsa da takarda mai laushi, ya miƙo mini da wani ƙyalle da zan tallafe shi. Sharaɗi biyu ya gindaya: kada yatsa ya taɓa ƙarfen, kada in yi magana a kansa, domin ɗigon yawu ɗaya kan zama tsatsa. Ya sa na miƙar da hannu na kalli surar daga nesa, sannan na kusanto da shi na duba jikin ƙarfen, sannan na juya shi wajen kwan fitila na duba zanen kaifi, har zuwa yadda zanen ke juyawa a cikin tsini. Na tambaya ta bakin ɗalibin, ina sunan maƙerin? Dattijon ya ce suna shi ne na ƙarshe. A zaman gwajin ido da masana ke yi, ana rufe wurin sunan da ƙota, kowa ya duba ƙarfen ya rubuta sunan da yake zato a takarda, sai an gama a buɗe.

Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, kuma dalilinsa a fili yake. Sassaƙa suna aikin ɗan lokaci ne, kowane mayaudari zai iya, kuma an daɗe ana yi. Akwai wani maƙerin birnin Edo, wato Tokyo ta da, na ƙarni na 17, Nagasone Kotetsu, wanda aka yi ta jabun sunansa har dillalai ke cewa in ka ga Kotetsu, ɗauka jabu ne. Masamune kuwa, wanda ya yi aiki a garin Kamakura wajen 1300 kuma ake ganin babu kamarsa, yawancin takubban da aka tabbatar nasa ne ba su da suna sam. Dalili ɗaya shi ne, da yayin dogayen takubba ya wuce, sai aka riƙa rage musu tsayi ta gindi, sunan ya tafi da guntun da aka yanke. Shi ya sa tun zamanin Hideyoshi, wanda ya mulki Japan a ƙarshen ƙarni na 16, da na gidan Tokugawa da ya biyo bayansa, aka sami zuriyar Hon’ami, waɗanda aikinsu ke nan: su duba ƙarfe su ba da takardar shaida. Yau NBTHK ce ke ba da irin takardar, mataki huɗu, daga Hozon zuwa Tokubetsu Juyo. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Sai ya ɗauko ’yar guduma ta tagulla, ya tura wani ɗan tsinken gora da ke tsakiyar ƙotar ya fito ta ɗaya gefen. Ya riƙe takobin a tsaye da hannun hagu, ya doki wuyan hannun da damarsa, ƙotar ta saki. Ashe wannan ɗan tsinke ne kaɗai ke riƙe da komai. Wutsiyar ƙarfen da ta fito baƙa ce wuluk, sumul, da huda uku a jere. Hudojin nan, in ji shi, suna nuna an rage tsayinsa fiye da sau ɗaya. Baƙin kuwa tsatsa ce ta ɗaruruwan shekaru, wadda ta kwanta ta daina ci. Ta shekara 70 ko 80 ja-ja take, kuma layukan magagari suna nan da kaifinsu a ƙarƙashinta. A tsoho layukan sun dushe, bakin haruffan ya yi laushi. Yadda dillalin dawaki ke buɗa bakin doki ya duba haƙori, haka su ke duba wutsiya. Ya ce babu asarar da ta kai a sami tsohon takobi an kankare masa wutsiya don ta yi ƙyalli, domin an goge shaidar shekarunsa ke nan, kuma ba ta dawowa.

Sannan ya duba hotunan. Kuben ƙarfe mai fenti ruwan ƙasa, zobe ɗaya na ratayewa, furannin sakura a jikin kayan ƙotar: shigar hafsoshin sojan ƙasa ce ta 1938. Igiyar adon da ke rataye a ƙota, gefe ɗaya ruwan ƙasa gefe ɗaya shuɗi, ta ƙaramin hafsa ce, kamar laftanar ko kyaftin. Ta manya da ja ake haɗa ta. Amma ya ce kube ba ya faɗin shekarun abin da ke ciki, domin hafsoshi da yawa sun ɗauki takubban kakanninsu sun sa musu kayan soja sun tafi da su fagen fama. Jikin ƙarfen namu ba ya karantuwa, don an sha goge shi da toka da yashi a shekarun baya, yadda ake wa wuƙar yanka. Abin da ya rage shi ne wutsiya, wadda babu wanda ya taɓa gani a gidanmu. A daren na kira yayana na kwatanta masa tsinken goran, na roƙe shi kada ya goge komai.

Kafin hotunan su iso muka kama hanyar yamma. Jirgin Shinkansen ya kai mu Okayama cikin awa uku da ’yan mintuna, daga nan ƙaramin jirgi ya sauke mu a Osafune. Ƙauye ne shiru, gonakin shinkafa hagu da dama, kogin Yoshii yana gangarowa daga duwatsun Chugoku. Wannan kogi da duwatsun su ne asirin wurin: yashi mai ƙarfe, gawayin itacen fayin, ruwa, ga kuma babbar hanyar fatake ta San’yo. Babu lardin da ya kai Bizen, tsohon lardin da Osafune ke ciki, yawan takubba a jerin dukiyar ƙasa ta Japan. A nan maƙera Mitsutada da Nagamitsu da Kagemitsu da Kanemitsu suka yi aiki, uba ya miƙa wa ɗa. Kogin da ya raya su shi ya kwashe su: ambaliyar wajen 1590 ta share maƙerun garin, sana’ar ba ta sake komawa yadda take ba.

A harabar gidan tarihin Osafune akwai rumfunan masu sana’a suna aiki ana kallo: maƙeri, mai washi, mai sassaƙa kube, mai naɗa igiyar ƙota. Na daɗe a gaban mai washin. Yana durƙushe, ƙafa ɗaya ta danne katakon da ke riƙe dutsen, yana tura ƙarfen da hannu biyu, ruwa mai launin toka yana zuba. Takobi ɗaya kan ci makonni, daga dutse mai kaushi har zuwa ’yan ɓarɓashin dutse da ake murzawa da babban yatsa. Kowane washi yana cin nama, don haka takobin da ya daɗe a duniya yakan rame, har ƙarfen ciki mai laushi ya leƙo. Wannan ma shaida ce ta tsufa.

A nan na ga tushen abubuwan da ake karantawa. Ƙarfen da suke kira tamahagane daga Okuizumo yake zuwa, a lardin Shimane, inda NBTHK ta farfaɗo da tanderun yumɓu na gargajiya a 1977. Da hunturu ake hura shi kwana uku dare da rana, ya ci yashi mai ƙarfe kimanin tan 10 da gawayi tan 12, sannan a fasa tanderun a ciro dunƙulen. Maƙeri yana buga ƙarfen ya ninke, ya buga ya ninke, sau goma sha wani abu, kuma yadda ya ninke shi ke haifar da layukan jiki. Sannan ya shafe takobin da yumɓu, mai kauri a baya, siriri a kaifi, ya gasa shi cikin duhu yana auna zafi da launin wuta, ya tsoma a ruwa. Inda yumɓun ya yi siriri nan ke taurare, iyakar taurin ita ce farin zanen nan, hamon. Kowace makaranta da hannunta. Na Yamashiro, wato Kyoto, jikinsu lumi ne, zanen miƙaƙƙe. Na Yamato, maƙeran da suka yi wa gidajen ibada na Nara aiki, layukansu a miƙe suke. Na Soshu, gidan su Masamune, cike suke da ƙwayoyi masu walƙiya da ido ke iya rarrabewa. Na Mino zanensu da tsini-tsini. Na Bizen kuwa zanen kawunan kanumfari ne a jere, a samansa kuma wata inuwa mai bin zanen, utsuri, wadda sai ka rusuna daidai kafin ta bayyana.

Abin alfaharin garin shi ne Yamatorige, takobin zamanin Kamakura da ya taɓa zama a hannun Uesugi Kenshin, wani shahararren jagoran yaƙi na ƙarni na 16. A 2020 birnin Setouchi, wanda Osafune ke cikinsa, ya saye shi kan yen miliyan 500, da gudummawar jama’a. Ba kullum ake fito da shi ba, babban hotonsa na gani. Kuma ba shi da sunan maƙeri ko ɗaya. Ƙarfen kaɗai ya sa masana suka jingina shi ga makarantar Ichimonji ta Fukuoka, wani ƙauye da ke nan kusa.

Muna jiran jirgin komawa hotunan suka shigo ta WhatsApp. Huda ɗaya ce tal. Tsatsar ja-ja ce, layukan magagari raɗau. Ɗalibin ya faɗaɗa hoton da yatsu ya ce, “Yaya, ga shekara nan: Showa 17.” Japanawa da zamanin sarki suke ƙirga, Showa ta fara a 1926, don haka 1925 ake ƙarawa, ya ba da 1942. A ɗaya gefen ya karanta Noshu, wato lardin Mino, sai Seki, sai sunan maƙeri mai farawa da harafin Kane, kamar na yawancin maƙeran garin. A sama da hudar kuma ga wani ɗan hatimi da aka buga.

Seki tana kan hanyarmu ta komawa, in an ratse daga Nagoya zuwa lardin Gifu a hau ɗan jirgin Nagaragawa, don haka muka ratse. Gari ne na ƙarfe har gobe: wuƙaƙen girki, almakashi, reza, abin yanke farce, ana ambatonsa tare da Solingen ta Jamus da Sheffield ta Ingila. A gidan tarihin maƙeransa na ga aikin Magoroku Kanemoto na ƙarni na 16, mai zanen tsini uku-uku. Wani tsohon mai washi da aka haɗa mu da shi a garin ya sa tabarau ya duba hotunan. Ya nuna layukan magagarin da suka haɗu a karkace, waɗanda suke kira gashin shaho, ya ce hannun Seki ne ba shakka. Hatimin kuma harafin sunan garin ne, irin wanda aka riƙa bugawa a takubban yaƙi da aka duba. Irin waɗannan galibi da ƙarfen masana’anta aka yi su, a mai aka tsoma su maimakon ruwa, domin buƙatar soja ta fi ƙarfin aikin gargajiya. Masu tara takubba ba sa sa su a sahun kayan fasaha, kuma da wuya a yi musu rajista a Japan. Amma ya ce na gaske ne, ba irin jabun da ake yi yanzu ba, masu haruffan da ba sa karantuwa da zanen da aka ƙona da asid.

Ni dai raina bai sosu da raguwar shekarun ba. Labarin basarake na shekara 500 ba shi da gari, ba shi da rana. Wannan kuwa yana da su. An ƙera shi a 1942 a garin da nake tsaye, wani ƙaramin hafsa ya saya, domin hafsoshin Japan da kuɗinsu suke sayen takubbansu, ya tafi da shi dazukan Arakan, can ya faɗa hannun wani Bahaushe da aka ɗauko daga wata nahiya don yaƙin Ingila. Mutanenmu dubbai ne suka je Bama, kuma abin da suka bari a rubuce kaɗan ne, shi ya sa nake ganin irin wannan ƙarfe ya cancanci a riƙe shi da kyau.

Daga bakin tashar Seki na kira gida. Yayana ya saurara har na gama, ya ce, “To, ashe sa’an yaƙin ne.” Ya tambaya ko ya kai wa maƙeri a wasa shi. Na ce, “A’a Yaya, don Allah kada kowa ya sa masa dutse ko yashi. Ka share jikin da tsumma mai laushi, ka shafa masa man keken ɗinki kaɗan, duk bayan wata biyu ko uku. Wutsiyar ka bar ta yadda take, ka mayar da ƙotar da tsinken goran. Igiyar nan kuma a naɗe ta daban a cikin takarda kafin asu ya ƙarasa ta.” Ya ce zai rubuta shekarar da sunan garin da na Baba Ƙarami a takarda ya ajiye tare da kuben, ya kuma ce in turo masa yadda ake rubuta Seki da haruffansu.